Faifai biyu na dattijo Bob Dylan: da wanne za ka fara, Time Out of Mind ko "Love and Theft"?

Ƙanena mai koyon jita ne ya tayar da maganar. Ya ji mawaƙiya Adele tana rera "Make You Feel My Love", ya ɗauka waƙarta ce, sai daga baya aka gaya masa ai ta mawaƙin Amurka Bob Dylan ce, kuma sai da ya haura shekara 50 ya rubuta ta. Ya je ya nemo ta Dylan ɗin ya saurara, ya zo ya same ni fuska a yamutse.

"Yaya, wannan mutumin mura yake yi ne?"

Na ce masa ba mura ba ce, haka muryar ta koma. Ya ce shi dai yana son ya gane dalilin da ake ta zuzuta mutumin nan har aka ba shi lambar Nobel ta adabi a 2016, amma ba shi da lokacin bin faifai 40 ɗaya bayan ɗaya. In zaɓar masa guda, kuma cikin na tsufansa, waɗanda aka ce ya cuɗa salon kiɗan Amurka uku, rok da buluz da kantiri, a tukunya ɗaya.

Biyu ne suka zo min a rai nan take, kuma har yau masoyan Dylan ba su gama musu a kansu ba. Akwai Time Out of Mind, wanda kamfanin Columbia ya fitar ranar 30 ga Satumba, 1997. Akwai kuma "Love and Theft", wanda ya shiga kantuna ranar 11 ga Satumba, 2001, ranar da aka afka wa dogayen benayen nan biyu na Niyok da jiragen sama. Shekara 4 ce kacal tsakaninsu. Mutum ɗaya ne, maƙogwaro ɗaya, har wasu makaɗan ma su ne dai a duka biyun, amma in ka jera su ka saurara sai ka rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba. Zaɓin kuwa yana da muhimmanci, domin muryar Dylan ta tsufa irin abin nan ce da ke korar baƙo tun daga zaure. Wanda ya shiga ta ƙofar da ba ta dace da shi ba, da wuya ya sake dawowa gidan.

Sai ka san halin da mutumin yake ciki kafin 1997 sannan za ka gane nauyin faifan farko. An haife shi a 1941 a jihar Minesota, ya yi tashe a shekarun 1960 irin tashen da ba a cika samu ba, sannan a shekarun 1980 ya yi ta fitar da faifan da ko masoyansa na haƙiƙa sai sun kau da kai. Bayan Under the Red Sky na 1990 sai alƙalaminsa ya tsaya. Ya yi faifai biyu, a 1992 da 1993, na tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Amurka, daga shi sai jitarsa, babu sabuwar waƙa tasa ko ɗaya a ciki. Shekara 7 aka yi a haka. Mutane da yawa sun riga sun sallama cewa ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Time Out of Mind ne ya zo ya rufe bakinsu, yana da shekara 56.

Furodusan faifan, Daniel Lanois, ɗan Kanada ne, kuma ba ƙaramin suna ba ne a harkar haɗa sauti. Da shi aka yi The Joshua Tree na ƙungiyar U2 a 1987, ya kuma taɓa aiki da Dylan a Oh Mercy na 1989. Lanois mutum ne mai son hazo. Ba ya barin sauti tsirara, sai ya lulluɓe shi da amo da amsa-kuwwa har ka ji kamar a ƙasan rijiya ake kiɗan. An fara gwaji a wani tsohon gidan sinima da aka mayar sutudiyo a garin Oxnard na Kalifoniya, sannan a watan Janairun 1997 aka koma sutudiyon Criteria a Miyami. Can aka tara makaɗa cunkus a ɗaki guda suna kiɗa lokaci ɗaya, a wasu waƙoƙin sun haura 10: masu ganga irin su Jim Keltner da Brian Blade, Augie Meyers na Tekzas a kan ogan, Jim Dickinson na Memfis a kan fiyano, Bucky Baxter da Cindy Cashdollar a kan jitar nan da ake kwantarwa a goga mata ƙarfe ta yi ta kuka. Dylan ya riga ya gaya wa Lanois irin abin da yake nema, wato sautin tsofaffin faya-fayan su Charley Patton da Little Walter. Amma su biyun ba su jitu ba yadda ya kamata. In za su yi gardama sai su fita wurin ajiye motoci su yi ta su kaɗai, makaɗa na ciki suna jira.

Sa iyafis a kunne, ka kashe fitila, ka kunna waƙar farko, "Love Sick". Abin da za ka fara ji ɗan motsin makaɗa ne kamar ba su shirya ba, sai ogan ya soma sara a gajarce, sara ɗaya bayan ɗaya, kamar takun mai ɗingishi a kan daɓe. Sai muryar ta shigo, a shaƙe, a bushe, kamar ta cikin tsohuwar rediyo take fitowa. Mutum ne yake yawo a titunan da ba rai a cikinsu, soyayya ta zame masa ciwo. Tun daga nan har ƙarshen faifan, minti 72 da 'yan kai, waƙoƙi 11, yanayin nan bai sake ka ba. "Standing in the Doorway" ta kusa minti 8 tana jan ƙafa, mutumin da aka bari tsaye a bakin ƙofa yana ƙidayar abin da ya rasa. "Cold Irons Bound" kuwa ta fi kowace hayaniya, jitar bes ta buɗe ta, ganguna suka biyo baya kamar ana jan sarƙa a kan kwanon rufi. Sai "Not Dark Yet", wadda a wurina ita ce ƙashin bayan faifan. Waƙar almuru ce, ta mutumin da ya duba inuwarsa ya ga ta yi tsawo, ya san dare na tafe ko da bai iso ba. Ban san wata waƙar Turanci da ta faɗi wannan abin da kalmomi kaɗan haka ba tare da kuka ko roƙon tausayi ba.

Akwai wani kuskure da ya bi faifan nan tun fitowarsa. A watan Mayun 1997 Dylan ya kwanta asibiti da wata cuta da ta sa jakar da ke kewaye da zuciyarsa ta kumbura, har ya yi barkwanci bayan ya tashi cewa ya zaci ya kusa ganin marigayi mawaƙi Elvis Presley. Da faifan ya fito bayan wata 4 cike da zancen mutuwa da ƙarewar lokaci, sai kowa ya ce ai wasiyyar majinyaci ce. Alhali kuwa an rubuta waƙoƙin an kuma naɗe su tun kafin ciwon ya kama shi.

Waƙar ƙarshe, "Highlands", minti 16 da rabi ce. Wasu suna tsorata da tsawon, ni kuwa ban ga abin tsoro ba. Kunnen da ya saba da makaɗin da zai ɗauki kari ɗaya ya yi ta zuba zance a kai har rabin sa'a ba zai ga baƙon abu a nan ba. Jita ce ke maimaita 'yar gajeriyar jimla ta buluz, shi kuma yana ta labari. A tsakiyarta ne ya shiga wani gidan abinci a Boston da ba kowa sai ma'aikaciya ɗaya. Ta gane shi mai zane ne, ta matsa sai ya zana ta. Ya yi ta zillewa, ya ce ba shi da takarda, ta miƙo masa ƙyallen goge baki, ya ce ba fensir, ta zaro daga bayan kunnenta. Ya ja 'yan layuka ya ba ta, ta jefo masa ta ce wannan bai yi kama da ita ba. Daga nan suka koma musu a kan ko yana karanta littattafan da mata suka rubuta. Da ta juya baya sai ya sulale. Wannan ne kaɗai wurin da za ka yi dariya sosai a faifan, kuma sai ka yi tafiyar kusan sa'a guda kafin ka iso shi.

Aibin Time Out of Mind shi ne alherinsa. Launi ɗaya ne daga farko har ƙarshe. "Million Miles" da "'Til I Fell in Love with You" da "Can't Wait" duk 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma sabon shiga zai iya kasa bambance su sai ya saurara sau uku ko huɗu. Hazon Lanois ma yakan yi yawa. A wasu wuraren kana jin akwai ƙwararrun makaɗa a ɗakin amma ka kasa cewa ga wanda ke yin kaza. Ita kuma "Make You Feel My Love", wadda ta jawo ƙanena, baƙuwa ce a cikinsu: 'yar gajeriyar waƙar soyayya a kan fiyano, mai sauƙi, wadda Billy Joel ya riga shi fitarwa a shekarar, Garth Brooks ya yi tasa a 1998, Adele kuma a 2008. Wanda ya sayi faifan yana zaton sauran 10 haka suke zai sha mamaki.

Shi kansa Dylan da alama bai gamsu da hazon ba, duk da yabon da aka sha yi. Da ya tashi yin na gaba sai ya sallami zancen furodusa gaba ɗaya, ya yi da kansa, ya sa wa kansa sunan aro Jack Frost a bayan faifan. Bai kuma tara baƙin makaɗa ba. Tun 1988 yake yawon wasa ba ƙaƙƙautawa, kusan dandali 100 a shekara, don haka yana da 'yan amshin da suka san numfashinsa: Larry Campbell da Charlie Sexton a jita, Tony Garnier a bes, David Kemper a ganguna. Ya ƙara musu Augie Meyers, suka shiga sutudiyon Clinton a Niyok a watan Mayun 2001, lokacin yana cika shekara 60, cikin ƙasa da mako biyu suka gama. Waƙoƙi 12, minti 57.

Bambancin yana bugunka tun daƙiƙar farko. An buɗe tagogi, an share ƙura. Kowane abin kiɗa yana wurinsa, kana jin jitar hagu kana jin ta dama, muryar kuma tana gaba, tsirara, ba wani mayafi. Ta ma fi ta 1997 kaushi, gaskiya, amma a nan wasa yake yi da ita. Yakan cusa kalmomi fiye da yadda layi zai ɗauka, ya gudu da su, ya iso daidai kan bugu kamar direban da ya sha kwana da gudu bai taɓa kowa ba.

Kuma a nan ne cuɗanyar da ƙanena yake nema ta fito fili. A Time Out of Mind buluz ne sarki, rok na biye, kantiri kuwa sai dai ka ji ƙamshinsa daga kukan jitar ƙarfe. A "Love and Theft" kowace waƙa da inda ta dosa. "Summer Days" kiɗan rawa ne mai gudu na shekarun 1950, irin wanda ya haifi rok. "Lonesome Day Blues" buluz ce tsantsa mai nauyi, a tsarinta na asali: a faɗi layi, a maimaita shi, sannan layi na uku ya zo ya warware, kamar mai waƙa ne ke yi wa kansa amshi. "Honest with Me" rok ce mai haƙora. "Floater" tana tafe da gogen Turawa a hannun Campbell, a hankali, kamar kwalekwale a ruwan da ba iska. "Bye and Bye" da "Moonlight" kuwa sun koma can baya, ga waƙoƙin soyayya masu taushi na shekarun 1930, na mawaƙan da ke sa kwat su raɗa wa makirfo. "Cry a While" tana sauya gudu a tsakiyar baiti, ta ruga, ta ja birki, ta sake rugawa, abin da ba zai yiwu ba sai ga makaɗan da suka daɗe tare.

Wadda na fi tsayawa a kanta ita ce "High Water (For Charley Patton)". Patton ɗaya ne daga iyayen buluz na yankin kogin Misisifi, ya rasu a 1934, kuma a 1929 ya naɗi waƙa a kan babbar ambaliyar kogin ta 1927. Dylan ya ɗauki ambaliyar nan ya faɗaɗa ta har ta cinye duniya duka, da shagunanta da akidunta. Abin da ke jan waƙar banjo ne, yana gudu ba hutu, a ƙarƙashinsa ganguna na ruri kamar hadari daga nesa. A kunnen Ba'amurke na yau banjo kayan farar fata ne na ƙauyukan tsaunuka, kayan kantiri. Amma asalinsa ƙwarya ce da aka rufe da fata aka ɗaura mata tsirkiya, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a can, kuma duk wanda ya taɓa riƙe gurmi, in ya ga hoton tsohon banjo zai gane dangantakar ƙirar. To ka ga waƙar girmama baƙin mawaƙin buluz da aka ɗora a kan kayan kiɗan da aka karɓe daga hannun kakanninsa. A minti 4 an ba ka tarihin yadda buluz da kantiri suka sha nono ɗaya. Ita ma wannan waƙar an yi mata fassarar da ba tata ba, domin da ta fito a ranar harin Niyok sai masu sauraro suka riƙa jin ta kamar duba, alhali tun watan Mayu take a naɗe.

Sai maganar sata, tunda shi da kansa ya sa ta a suna. Sunan faifan yana nufin ƙauna da sata, kuma yana cikin alamar zance har a jikin bango, alamar cewa shi ma aro ne. Akwai littafin da masani Eric Lott ya fitar a 1993 mai wannan suna, a kan fararen 'yan wasan Amurka na ƙarni na 19 da ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon waƙoƙin baƙaƙe, suna sha'awar abin suna kuma wawushe shi. A 2003 aka gano cewa layuka da dama a faifan, musamman a "Floater", sun yi kama sosai da wasu jimloli na littafin wani likita ɗan Japan, Junichi Saga, wanda ya rubuta hirarsa da wani tsohon ɗan daba. Likitan bai yi fushi ba, cewa ya yi abin ya faranta masa rai. Daga baya masu bin diddigi suka tono guntayen Mark Twain da F. Scott Fitzgerald, har da Virgil na tsohuwar Rum. Karin "Floater" ma na wata waƙa ce ta 1932.

Ni aron kalmomin bai dame ni ba. Haka buluz yake tun fil azal, kowa na ɗiba daga rumbu ɗaya, kamar yadda ba wanda zai kira makaɗi ɓarawo don ya saka karin magana ko tsohon kirari a waƙarsa. Gwaninta tana wurin ɗinki, kuma ɗinkin nan ya yi kyau. Abin da ke ɗan sosa min rai shi ne ɗaukar kari sukutum ba a ambaci mai shi ba, musamman idan mai shi ya mutu a talauce. In irin wannan yana hana ka jin daɗin waƙa, Time Out of Mind ya fi maka sauƙin haɗiya, ko da yake shi ma cike yake da tsofaffin jimlolin waƙoƙin gargajiya.

Akwai wani abin da masu sharhin Turai ba sa la'akari da shi domin ba matsalarsu ba ce: Turancin kansa. Kalmomin Time Out of Mind gajeru ne, ana furta su a hankali, kuma ko ba ka kama rabinsu ba sautin zai gaya maka abin da ake ciki. "Love and Theft" kuwa rabin daɗinsa yana cikin barkwanci da wasa da harshe. A "Po' Boy" akwai inda mutumin ya buga waya ga ma'aikatan otal masu kai wa baƙi abinci ɗaki, ya ce su aiko masa da ɗaki. Ka ga da Hausa ko murmushi ba ta ba ka ba, domin dariyar tana maƙale a cikin yadda ake kiran wannan hidima da Turanci. A waƙar dai za ka ci karo da Othello da Desdemona na Shakespeare suna zancen giya mai guba kamar ma'auratan unguwa. Dattijo ne ya zauna a dandali yana zuba, yanzu ya ba ka dariya, anjima ya yi barazanar yanka wani, sannan ya tuna kakarsa. In Turancinka na karatu ne kawai, ba na hira ba, za ka buƙaci kalmomin a rubuce a gabanka. In ba haka ba kiɗan kaɗai za ka samu. Kiɗan ma dai ya isa, amma an rage maka rabo.

Abin da za ka saurara da shi ma yana cikin lissafi. Na gwada su duka a lasifikar waya, na gwada a mota. Time Out of Mind a lasifikar waya ya zama kunu, bes ya ɓace, amsa-kuwwar ta cakuɗe, sai muryar kaɗai ta rage tana gurnani, wato daidai abin da ya sa ƙanena ya yi zancen mura. A mota kuwa ƙarar injin da iska suna cinye ƙananan sautukan da su ne dukiyar faifan. Wannan faifan dare ne, na mutum ɗaya, da iyafis mai kyau. "Love and Theft" ba ya wannan gata. A waya, a mota, a shago ana ciniki, ko'ina ka sa shi zai tsaya da ƙafarsa. Ga mai koyon jita kuma ba a ma haɗa su, domin a nan kana iya bin hannun Campbell dabam, na Sexton dabam, ka kwaikwaya.

Kada lambobin yabo su yanke maka hukunci. A bikin Grammy na 1998 Time Out of Mind ya kwashi uku, ciki har da babbar, ta faifan shekara, da ta muryar rok saboda "Cold Irons Bound". A daren ne wani mutum ya hau dandalin ba riga, da rubutu a ƙirji, ya yi ta murɗe-murɗe a gefen Dylan yana tsakiyar rera "Love Sick", shi kuwa ya ɗan kalle shi ya ci gaba da waƙarsa har aka janye mutumin. "Love and Theft" Grammy ɗaya ya samu. Amma a kasuwar Amurka ya hau mataki na 5 a jadawalin Billboard, inda na farkon ya tsaya a na 10, kuma a ƙuri'ar masu sharhi da jaridar Village Voice take shiryawa a wancan lokacin kowannensu ya zo na ɗaya a shekararsa. Na farkon yana da labarin dawowa daga bakin kabari, kuma masu ba da lamba suna son irin wannan labarin.

Za a ce min ina Modern Times na 2006, wanda ya hau mataki na ɗaya a Amurka, karon farko da Dylan ya yi haka tun Desire na 1976. Faifai ne mai daɗi, mai santsi, Jack Frost ne dai ya haɗa shi, kuma zai fi duka biyun sauƙin shiga kunne. Sai dai a ganina ƙanen "Love and Theft" ne da aka yi wa wanka aka shafa wa mai, ya fi kyan gani, ya rasa tsiwar. Maganar aro kuma a can ta fi muni, domin "Rollin' and Tumblin'" da aka san ta tun 1929, Muddy Waters kuma ya shahara da ita, an rubuta ta da sunan Dylan. Wanda kuma yake neman kantiri zalla ya tsallake duk waɗannan ya koma Nashville Skyline na 1969, inda ya yi waƙa tare da Johnny Cash da wata murya mai laushi da ba za ka yarda tasa ba ce. Ga wanda hazon Lanois ne kaɗai ke hana shi jin Time Out of Mind, a 2023 an fitar da wani kundi mai suna Fragments da aka sake gauraya sautin aka rage amon. Muryar ta matso kusa, makaɗan sun fito. Na ji daɗinsa, amma na kuma gane cewa hazon nan da nake ƙorafi a kai shi ne rabin abin da nake so.

Abin da na gaya wa ƙanena shi ne ya fara da "Love and Theft". Ya fi gajarta, ya fi launi, shi ne ainihin cuɗanyar rok da buluz da kantiri da ya tambaya, zai yi aiki a wayarsa, kuma zai ba yatsunsa aiki. Time Out of Mind ya fi zurfi a waƙoƙi uku ko huɗu, ban musa ba, kuma babu abin da ke "Love and Theft" da ya kai "Not Dark Yet". Amma faifai ne da ke jiran mutum sai rayuwa ta ɗan taɓa shi, sai ya yi rashi ko an juya masa baya. Yaro ɗan shekara 20 da 'yan kai me ya sani game da almuru?

Don kada ya ce na yi masa dole, sai na ba shi gwaji. Akwai waƙa ɗaya da ta ratsa faifan biyu, "Mississippi". An naɗe ta a zaman 1997 tare da Lanois, aka kasa daidaitawa a kan yadda za ta kasance, aka ajiye ta. Dylan ya ba mawaƙiya Sheryl Crow ta fitar da tata a 1998, sannan ya sake naɗar ta da 'yan amshinsa ta zama waƙa ta biyu a "Love and Theft". A 2008 kuma kundin Tell Tale Signs ya fito da waɗanda aka ajiye, kuma wadda ta buɗe kundin kusan tsirara take, jita da murya, a hankali, kamar mutum na yi wa kansa magana a baranda. Ta 2001 kuwa tana tafe da ƙirji a buɗe, bes yana hawa mataki-mataki a ƙarƙashinta kamar mai hawan tsani, kalmomin nadama ne amma tafiyar ta mai nasara ce. Na ce ya saurari biyun a jere. In ta 2001 ce ta kama shi, shawarata ta tsaya. In tsohuwar ce, to kunnensa ya riga ya zaɓa.

Ya zauna a bakin gadona da iyafis ya ji su, ya sake jin su. Ya cire ya ce, "Yaya, tsohuwar nan. Wannan sabuwar ai kamar ba shi aka yi wa laifin ba."

Time Out of Mind ya sauke. Bayan mako biyu, wajen ƙarfe 11 na dare, ina jin sa ta bango yana lalubar "Not Dark Yet" a jitarsa, yana tsayawa yana komawa wuri ɗaya, har Hajiya ta fito tsakar gida ta tsaya a ƙofarsa tana tambaya ko lafiya.